Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Riga Jami'o'i Nazarin Al'amuran Mata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci namiji da mace daga rai guda, Ya kuma ɗora wa kowannensu nauyin sanin Ubangijinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, wanda ya keɓe wa mata ranarsu ta musamman domin ya karantar da su, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani fannin ilimi da ya shigo jami'o'inmu wanda ake kira nazarin al'amuran mata da jinsi. A ƙasar Amurka aka fara buɗe masa sashe mai zaman kansa, a birnin San Diego, a shekarar 1970. A Najeriya kuwa, Jami'ar Ibadan ta kafa cibiyar bincike da adana bayanai kan mata a 1987, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bolanle Awe, kuma a yau Jami'ar Bayero ta Kano tana da tata cibiyar nazarin jinsi. Idan ɗa ko 'ya ta zo wa iyaye da maganar tana son ƙwarewa a wannan fanni, sau da yawa gida yakan rabu biyu. Wasu suna ganin ƙofa ce ta shigo da baƙin aƙidu, wasu kuma suna ganin duk abin da ya fito daga jami'a gaskiya ne da ba ya buƙatar awo. Kafin a yanke hukunci, ya kamata ɓangarorin biyu su san tarihin wata baiwar Allah da ta yi nazarin halin da mata suke ciki, ta rubuta tarihinsu, ta kuma tsara musu makaranta, shekaru fiye da ɗari kafin wata jami'a ta yi tunanin hakan. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi musu rahama.

Gidan da ta tashi

An haifi Nana Asma'u a garin Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da an raɗa mata suna irin na tagwaye, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara musu yarda, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta.

Gida ne da karatu ya zama abinci a cikinsa. Zuriyarsu ta Toronkawa ta shahara da malanta tun kaka da kakanni, kuma matan gidan ba a bar su a baya ba. Yayarta Hadiza malama ce, ita ce ta haifi shahararren malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Baffanta shi ne Malam Abdullahi na Gwandu, yayanta kuma Muhammadu Bello. A tsakanin waɗannan Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihun Malikiyya da tauhidi da tarihin Annabi da tasawwufi a kan tafarkin Ƙadiriyya. Ta iya harsuna huɗu: Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya kamata a san cewa karantar da mata a gidan Shehu manufa ce da ya tsaya a kanta har aka zarge shi saboda ita. A cikin littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da suke tara ɗalibai a zaure suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida, ba su san hukuncin tsarki da salla da azumi ba. Ya kuma gargaɗi mata game da mazan da suke yi musu wa'azin biyayya ga miji kaɗai ba tare da sun koya musu biyayya ga Allah da ManzonSa ba. A lokacin da yake zagayen wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da baitoci yana sukar yadda mata suke halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Taƙaitaccen abin da amsar ta ƙunsa shi ne, barin mata cikin jahilcin addininsu ɓarna ce da ta fi ta fitowarsu neman ilimi girma, musamman tunda an keɓe musu wurin zama daban. Malam Abdullahi ya adana wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

Hijira da shekarun wuya

Asma'u tana da kimanin shekara 11 lokacin da zama ya gagara tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Daga nan yarinyar ta ga abin da littafi ba ya koyarwa. An yi nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekara, sannan aka sha mummunar asara a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Jama'a ta yi ta ƙaura daga wannan zango zuwa wancan, cikin yunwa da cuta, mata suna ɗauke da yara da littattafai. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, aka kuma fara gina Sakkwato a 1809.

Wannan zamani shi ya gina tunaninta. Ta ga zawarawan da yaƙi ya bari, ta ga marayu, ta ga matan da aka kamo daga garuruwan da aka ci. Duk wanda ya karanci ayyukanta na baya zai tarar da cewa idonta bai taɓa sauka daga kan irin waɗannan mutane ba.

Aure da alƙalami

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Shi ne ya sauki Baturen nan matafiyi Clapperton lokacin da ya zo Sakkwato a 1824. Allah Ya azurta su da 'ya'ya maza, kuma daga cikinsu aka samu waɗanda suka gaji wazirci, kamar Abdulƙadir. Aure da raino ba su raba ta da tawada ba, domin mijinta ma marubuci ne, shi ya wallafa Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Bayan rasuwar Shehu a 1817, aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su ya zama cikin manyan hidimomin wannan gida.

A 1820 ta rubuta littafinta na Larabci mai suna Tanbihul Gafilin, tana da shekara 27, a kan kyawawan ɗabi'u da bin Sunna. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har tsawon shekaru fiye da 40. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi ne. Wani abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take magana da shi. Idan da malamai take zance sai ta yi da Larabci, kamar yadda ta yi a baitocin da ta yi wa wani malamin Shinƙiɗi maraba da su. Idan da danginta ne sai ta yi da Fulatanci. Idan kuwa talakawa take nufi, musamman matan karkara, sai ta sauko zuwa Hausa. Ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa a 1831, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da talakawa game da zalunci da hisabi. Ta tsara wata gajeriyar waƙa mai baiti 30 da ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani duka, ta samar da ita cikin harsuna uku, domin wadda ba ta iya karatu ba ta samu mabuɗin Littafin Allah a bakinta. Ta rubuta tarihin hijira da yaƙe-yaƙen jihadi a waƙe, wanda ƙanenta Isa ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Ta kuma yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836.

Matsalar da ta hango

Kafa daula abu ne, gyara zukata kuma wani abu ne daban. Bayan an ci garuruwa, dubban mata sun shigo ƙarƙashin mulkin Sakkwato, wasu 'ya'ya wasu bayi, kuma da yawansu ba su san komai na addini ba sai suna. A tsohuwar Gobir, idan mace ta shiga damuwa, ko ciwo, ko rashin haihuwa, wurin 'yan bori take nufa, kuma akwai babbar mace mai sarautar Inna da take shugabantar wannan harka, mai faɗa a ji a fada. Yanzu an rushe wancan tsari, amma buƙatun da suke kai mata gare shi suna nan daram.

A nan basirar Nana Asma'u ta bayyana. Ta fahimci cewa tsinuwa daga kan mumbari ba za ta raba mace da bori ba muddin ba a ba ta abin da ya fi shi ba. Mace tana buƙatar wadda za ta saurare ta, da abin da za ta karanta idan ɗanta yana zazzaɓi, da jama'ar da za ta ji tana cikinta. Saboda haka a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattaro abin da ya zo na neman waraka da kariya ta hanyar surorin Alƙur'ani, domin malamai su samu abin da za su miƙa wa mai ciwo a madadin girka. Sannan ta fuskanci babbar tambaya: ta yaya ilimi zai isa ga matar aure da take ƙauye mai nisan kwana biyu ko uku daga Sakkwato, wadda raino da aikin gida ba za su bar ta ta fita ba?

'Yan Taru

Amsar da ta bayar ita ce tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wanda ta kafa a wajajen shekarun 1830. Daga kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta shugaba, ana kiranta jaji. Nana da kanta take yi mata naɗi, ta ɗora mata malfa, ta naɗe ta da jan rawani. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir. Nana ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa ta juya ma'anarta, ta zama shaidar ilimi bayan a da shaidar bori ce.

Jaji takan taho Sakkwato da ayarinta, wanda ya ƙunshi dattawan matan da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba. Matan da suke tsakiyar raino sukan zauna a ɗakunansu, ilimin ya same su a can. Ayarin yakan zo da sadakar da matan ƙauye suka tara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zane, Nana kuma ta rarraba wa mabuƙata da marasa lafiya. Sukan zauna gabanta su haddace waƙoƙin, ta warware musu ma'ana, su gabatar mata da matsalolin da aka aiko su da su, ta ba su amsa. Idan sun koma gida sai su bi ɗaki-ɗaki suna koyarwa. Da yake karatun a waƙe yake, mace tana iya maimaita shi tana daka, ko tana kaɗi, ko tana lallashin goyo.

Mai hankali zai ga cewa kowane ɓangare na wannan tsari an gina shi ne a kan sanin haƙiƙanin rayuwar mata: wace ce za ta iya tafiya, wace ce ba za ta iya ba, wane harshe suke ji, wane lokaci suke da shi, me suke tsoro, wa suke girmamawa. Wannan shi ne abin da masu bincike na yau suke shafe shekaru suna koyo. Kuma darasin bai tsaya kan tsarki da salla ba. Ana koya wa 'yan taru kula da marasa lafiya, da taimakon mai naƙuda, da wankan gawa, da sulhunta masu husuma.

Ta rubuta mata cikin tarihi

Wani babban aiki da masu nazarin al'amuran mata suke alfahari da shi a yau shi ne tono sunayen matan da marubuta tarihi suka tsallake. Nana Asma'u ta yi wannan tun a 1837. Yayanta Sarkin Musulmi Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Sai ta samar da waƙar da aka sani da Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A ciki ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, ta bi da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya da Sayyida Nafisa, sannan ta kawo matan zamaninta na Jama'ar Shehu, kamar Habiba mai karantar da mata, ta sa su a sahu ɗaya da waɗancan. Saƙon a fili yake: matar Degel ko ta Wurno tana iya kai wa inda matar Basra ko ta Misra ta kai.

Haka kuma a marsiyyoyinta. Ta yi wa manya alhini, irin su Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Amma ba ta tsaya kan manya ba. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u marsiyya, tana yaba yadda ta yi shekaru tana jagorantar ayarin mata. Ta yi wa Zaharatu, wadda take zuwa wurin masu haihuwa da wankan mamata. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, saboda kirkinta da riƙon zumunci. Ba don alƙalamin Nana ba, da babu wanda zai san an taɓa yin waɗannan mata. Kuma idan aka duba abin da take yabo a kansu, har a kan sarakunan ma, ba a samun dukiya ko nasaba a gaba. Abin da take ƙirgawa shi ne tsoron Allah da haƙuri da kyauta da amfanar mutane.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

Allah Ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara 71 a duniya, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare cikin Sakkwato. Aikin bai mutu da mutuwarta ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi ta karɓa. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma ayarin mata bai daina zuwa ba.

Rubuce-rubucenta sun tsira ne a gidan waziri. Waziri Junaidu, wanda yake daga zuriyarta, shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd taskarsa. Ta fitar da littafin tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack, malamar jami'a a Amurka, suka buga tarin ayyukanta da fassararsu a 1997. Ta wannan hanya sunan 'yar Shehu ya shiga azuzuwan nazarin mata da tarihin Afirka a jami'o'in duniya, har wasu Musulmin Amurka a birnin Pittsburgh suka kafa ƙungiyar mata da sunan 'Yan Taru. A nan akwai abin da ya kamata ya sosa mana rai. Ɗalibar da take wata nahiya tana rubuta kundin digiri a kan Nana Asma'u, alhali 'yarmu da take kwana a ɗakin kwanan ɗalibai mai ɗauke da sunan Nana ba za ta iya ambaton aikinta ko ɗaya ba.

Abin da ɗalibi da iyaye za su ɗauka

Ya kai uba, ya ke uwa, tarihin nan yana nuna cewa binciken halin da mata suke ciki ba baƙo ba ne a Musulunci, kuma buƙatarsa ba ta ƙare ba. Har yau akwai matan da ake danne musu gado, da waɗanda ake saki a kore su da 'ya'ya ba ciyarwa, da masu rasa rai wurin haihuwa, da 'yan matan da talla ta raba da allo da aji. Hukumomi da ƙungiyoyi suna tsara manufofi a kan waɗannan matsaloli kullum, kuma waɗanda suka karanci fannin ake kira su zauna a teburin. Idan babu masu tsoron Allah da sanin Shari'a a cikinsu, za a yanke mana hukunci ba mu nan, mu dawo muna kuka.

Ke kuma ɗaliba, da kai ɗalibi, ku sani cewa fannin yadda ake koyar da shi a yau ya haɗa abubuwa iri biyu. Akwai kayan aiki masu amfani: yadda ake tattara bayanai, da yadda ake sauraron mutane, da yadda ake gano inda doka ko al'ada take cutar da mai rauni. Akwai kuma ra'ayoyin da suka tsiro daga tarihin wasu al'ummu da rigingimunsu, waɗanda wasunsu suke karo da abin da Allah Ya shar'anta game da aure da iyali da bambancin halittar namiji da mace. Mai shiga wannan fage yana buƙatar ma'auni, kuma ba a samun ma'auni sai da karatu. Nana Asma'u ta haddace Alƙur'ani ta ƙoshi da fiƙihu kafin ta ɗauki malfar Inna, shi ya sa ta iya sarrafa malfar ba tare da malfar ta sarrafa ta ba. Wanda zai karanci wannan fanni ya lazimci malami na addini kamar yadda yake lazimtar laccarsa, ya san babin aure da saki da gado da shaida daga tushe, domin ya iya bambance abin da yake hukuncin Allah da abin da yake son zuciyar maza da aka lulluɓe da rigar addini. Ya kuma koyi karanta ajami da Larabci, domin akwai taskar rubutun mata a Sakkwato da Gwandu da Kano da take jiran masu bincike daga cikin gida.

Sannan a riƙa auna amfanin karatun da irin awon da ita ta yi amfani da shi. Nana ba ta ƙirga nasararta da yawan malaman da suka yaba mata ba, duk da sun yaba. Ta ƙirga ta da matar ƙauye da ta iya salla daidai, da mai ciwon da ta samu mai jinya, da marainiyar da ta samu zane. Digirin da bai kai ga irin waɗannan ba, nauyi ne kawai a wuyan mai shi ranar da za a tambayi kowa abin da ya aikata da iliminsa.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da 'yan'uwanta da jajinta baki ɗaya, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya ba 'ya'yanmu mata da maza ilimi mai amfani, Ya tsare su daga wanda ba ya amfani, Ya sa a samu masu gadon wannan aiki a cikin zuriyarmu. Amin.